Takalmina ya je Italiya, ni ban je ba

Da safen nan labarin ya same ni. Alhaji Sabi'u Mai Wando ya rasu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina ƙoƙarin buɗe ofishina da ke Zhanxi Lu, makulli a hannu, Isufu ɗan Nijar da yake mana lodin kwantena ya kira ni. Ya ce in samu wuri in zauna tukun. Ban zauna ba. Ya ce jiya bayan la'asar a Kano Alhaji ya ce ƙirjinsa yana ciwo, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Muna barci a nan Guangzhou aka yi masa sutura aka kai shi.

Na jira har gari ya waye a gida, wajen azahar ɗinmu ta nan, sannan na kira in yi ta'aziyya. Babbar 'yarsa Asma'u ce ta ɗauka. Bayan mun gama kukanmu sai ta ce, "Baffa, Mama tana son ta ga fuskar Baba. Duk hotunansa na gida na fasfo ne. Ya ce mana na Italiya suna wurinka."

Na ce mata bari in duba.

Har yanzu ban sake kiranta ba, kuma dalilin rubutun nan ke nan.

Na san da yawa za su yi rubutu a kansa yau, za su ce mutumin kirki ne, kuma gaskiya za su faɗa. Ni nawa daban ne. Wata huɗu na yi ina jin haushin bawan Allahn nan, ba tare da ya yi min komai ba. Laifinsa kawai ya je Italiya ni ban je ba.

Ga waɗanda ba su san mu ba, ni Nafi'u, takalma nake saya a nan in tura Kano. Shi kuma wanduna yake saya a kasuwar Canaan, shi ya sa ake ce masa Mai Wando. Ya girme ni da kusan shekara goma.

Ranar da na fara sauka a garin nan shi ya je filin jirgi ya ɗauko ni, alhali bai taɓa ganina ba. Wani maƙwabcinmu ne kawai ya ba shi lambata.

Sanyin farko da na gani a China, rigar sanyinsa ya cire ya ba ni a tashar jirgin ƙasa, ya ce shi kitsen jikinsa ya ishe shi. Washegari da mura ya tashi.

Duk dawowarsa daga gida sai ya riƙo min kuka da daddawa da yajin da matarsa ta daka. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, kwana uku yana dama min kunu a tukunyar dafa shinkafa, kunun duk gudaji, yana tsaye a kaina sai na shanye.

Shi ya koya min ƙirga da yatsu irin na 'yan China. Shi ya koya min in ce wa mai shago "lawban", wato maigida, ko da yaron shago ne, don ya ji daɗi ya fito da kaya masu kyau.

Kuma shi ya koya min darasin farko na sana'ar nan. Duk ɗan kasuwar da ke Guangzhou ya san manhajar nan ta 'yan China da muke hira da masu kaya a kanta. In aka turo maka hoton samfur, ka buɗe shi nan take ka adana. In ka bar shi ya kwana biyu ba ka buɗe ba, mutuwa yake yi, sai dai ka ga ɗan ƙaramin dishi-dishinsa. Ya maimaita min wannan ya fi sau goma, har ina ce masa na ji, Alhaji, na ji.

Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Maganar Italiya kuwa, tawa ce tun asali. Wannan ne abin da ya fi ci min rai.

Shekara goma sha ɗaya ina sayar da takalman da aka buga musu sunan Italiya a tafi, alhali ni da Allah mun san a bayan garin nan ake ɗinka su. Daga jikin kwalaye na haddace sunayen garuruwan: Roma, Milan, Florence, Venice. Na kalli bidiyonsu har na san wace gada ce ke bin wace. A Zhanxi ba a kirana Nafi'u, Ɗan Italiya ake ce min, kuma Sabi'u ne ya laƙa min sunan.

Shi kuwa bai san komai a kan ƙasar ba. Ya taɓa tambayata ko a mota ake zuwa daga Dubai.

Ni na dame shi. Na ce Alhaji, mun ƙare rayuwarmu tsakanin kasuwa da tashar jiragen ruwa ta Huangpu, daga kwali sai kwantena, ko sau ɗaya mu je wani wuri ba don sayen kaya ba. Ya ce yawon buɗe ido aikin Turawa ne da waɗanda ba su da iyali. Wata shida ina lallaɓa shi kafin ya yarda. Wani lawban ɗinsa ya haɗa mu da ayarin 'yan China da za su yi kwana goma suna zaga tsofaffin garuruwan.

Ni na cika masa fom ɗin biza da hannuna. Ni na kai shi aka ɗauke shi hoto, ni na ce ya gyara hularsa.

Aka ba shi, ni aka hana ni.

Kuma ba zaluntata aka yi ba. Takardar zamana ta China ce ta kusa ƙarewa, ban sabunta ba, ina can ina gyara masa nasa takardun.

Ya zo ofishina ya ce ya fasa, ba zai je ba tunda babu ni. Na ce haba Alhaji, ka je mana, ai duk ɗaya ne. Na faɗa har sau uku, da murmushi. A raina kuwa jira nake ya ƙi a karo na huɗu. Sabi'u mutum ne da in ka gaya masa magana yake ɗaukarta yadda ka faɗa. Ya ce to.

Da zai fita sai ya miƙa hannu kan kantar samfur ya ɗauki wani baƙin takalmi sau-ciki, ƙafar hagu. Ya jefa a jakarsa. Na tambaye shi me zai yi da ƙafa ɗaya, ya ce zan gani.

Na kuwa gani.

Sitatus ɗinsa na farko, ga tsohon filin wasan nan na Roma mai zagaye, wanda gefensa ɗaya ya rushe. A gabansa, a kan wani dutse, ga takalmina. Ya ɗauke shi yadda muke ɗaukar samfur mu tura wa kwastoma: ta sama, ta gefe, sannan ya kifa shi a ga tafin. A ƙasa ya rubuta cewa yau dai rubutun da ke tafin takalmin Nafi'u ya zama gaskiya.

Kowa ya yi dariya. Ni ma na tura alamar dariya, amma fuskata a murtuke take.

Na ce a raina, wato ba'a zai yi min. Ya tafi da kujerata, ya tafi da mafarkina, sannan ya mai da ni abin dariyar Guangzhou. Na manta sam cewa kujerarsa ce ya hau, ba tawa ba.

A ranar kuma hotuna suka fara shigowa ta manhajar China, ni kaɗai yake turo wa. Wayata tana ta ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ashirin, talatin, da saƙonnin murya a tsakani. Ban buɗe ko ɗaya ba. Na shiga na kashe ƙarar saƙonsa, na tura hirar can ƙasa inda ba zan gan ta ba.

Amma ƙyashi ba ya barin mutum ya huta. Abin da na ƙi kalla a wayata, a wayar mutane nake leƙensa.

A gidan abincin da muke haɗuwa bayan sallar Juma'a ba a wata hira sai ta Sabi'u. Wannan ya miƙo min waya, wancan ya miƙo. Ga shi cikin farar shadda da hula zanna, a tsakiyar tsofaffin matan China masu jajayen hulunan rana, yana bin jagorarsu mai tuta. Ga shi yana koya musu cewa "sannu". Wai har sun sa masa suna, kuma su suke duba masa abincin da babu alade.

Ga wani bidiyo daga Florence, yana zagaya gumakan nan na farin dutse yana girgiza kai. Ya ce mutanen nan sun iya sassaƙa, amma an rasa wanda zai sa wa bayin Allah wando, da ya sani da ya taho da dila biyu. Isufu ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Ni kuwa sai gyara nake yi. In sun ce coci kaza, in ce a'a, ba sunansa ke nan ba. In sun ce kogin Roma, in ce na Florence ne. Na ce ai an yi asarar biza, mutum ya je gaban ginin da ya shekara dubu biyu yana maganar wando. Na ce hotunan ma duk a karkace suke, bai iya riƙe waya ba.

Isufu ya dube ni ya ce, "Patron, kai da ka iya, ina naka?"



Akwai ranar da ya sa hoton wata doguwar gada mai shaguna a kanta, rana tana faɗuwa, ruwan ya yi ja. Gadar nan ita ce a fuskar wayata shekara uku. Na san a wane gefe ake tsayawa a ɗauke ta, kuma a daidai nan ya tsaya, don ni na taɓa nuna masa. Ga takalmina a kan katangar, shi kaɗai. Wallahi ranar ban iya cin abinci ba. Na canza hoton fuskar wayar na sa na kwantena.

Na yi addu'ar Allah Ya dawo da shi lafiya, ba zan yi wa kaina ƙarya ba, na yi. Amma da Isufu ya ce ana ruwan sama a can kwana biyu a jere, sai da na ji wani sanyi a raina. Astagfirullah.

Da ya isa Venice na daina zuwa gidan abincin gaba ɗaya. Ba zan iya ganin Mai Wando a cikin dogon kwalekwalen nan ba, ana tuƙa shi a tsakanin gidaje. Mutumin da ko jirgin ruwan kogin garin nan ba ya yarda ya shiga.

Ya dawo, ban je tarbarsa ba. Na ce ina da lodi a Huangpu. Babu wani lodi.

Ya kira, na ce ina cikin kasuwa. Ya sake kira, na ce zan neme shi. Na ji ya raba tsaraba, ya ce a ajiye tawa zai kawo min da kansa. Haka muka yi kusan wata guda ina zille masa a gari ɗaya.

Ganinmu na ƙarshe, shi ya zo ya same ni. Ana gobe zai tafi Kano.

Ina zaune ina ɗaukar hotunan sababbin samfura sai ga shi ya turo ƙofa, yana haki saboda benen. Ya zauna a kan kwali kamar yadda ya saba, duk da ga kujera. Ya ɗan rame, na lura, amma ban tambaya ba. Na ba shi ruwa, na ci gaba da abin da nake yi.

Ya ba ni labarin jirgin ƙasa, da sanyin cikin tsofaffin gine-gine, da yadda ya yi sallah a wani lungu wata tsohuwa 'yar China ta tsaya tana riƙe masa jaka. Ina ta cewa "uhm". Duk abin da ya faɗa sai in nuna na riga na sani.

Can sai ya ce, "Hotunan nan fa, Ɗan Italiya."

Na tare shi da sauri na ce na gani, sun yi kyau.

Ya ce, "Wanne ya fi burge ka?"

Sai na kama wanda na san duk mai zuwa Italiya yana ɗauka. Na ce na hasumiyar nan ta Pisa mai karkata.

Ya daɗe yana kallona, ba da fushi ba. Sannan ya sunkuyar da kai ya ce madalla.

Ya buɗe jaka ya fito da takalmin. Rana ta ɗan ci launinsa, gefensa ya goge. Ya ajiye shi da kansa a kan kanta, kusa da ɗan'uwansa na dama. Ya ajiye min wata 'yar jakar fata, ya ce wannan ta gaske ce, in shinshina in ji bambanci.

A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ba komai. In ka gyara takardunka muka koma tare, ma sake ɗauka."

Na ce Allah Ya kai mu. Ko rakiya zuwa bakin titi ban yi masa ba. Ban kuma tsaya na tambayi kaina me ya sa ya ce a sake ɗauka ba.

Yau, bayan na ajiye wayar Asma'u, na nemo hirar tamu daga can ƙasa. Hotuna sun fi ɗari biyu. Na danna na farko, sai rubutu ya fito cewa hoton ya daina aiki. Na danna na biyu, haka. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, kamar wanda bai san dokar ba.

Ban tsorata ba tukun. Na ce ai suna cikin wayarsa, in hankali ya kwanta a buɗe a gani.

Sai na fara kunna saƙonnin muryar. Su ba su mutu ba.

Na farko daga Roma ne, ana jin hayaniya a bayansa. Ga abin da ya ce:

"Ɗan Italiya, wayar nan tawa ta cika, ta ƙi ɗaukar hoto. Ka san ba zan goge hotunan odar mutane ba. To ina ɗauka ina turo maka, ina gogewa a nan. Ka adana min, kai ne ma'ajina."

Duk wanda ya san Sabi'u ya san wayar nan, mai fasasshen gilashi, cike da hotunan wanduna na shekara da shekaru. Mun yi mun yi ya canza ta ya ƙi.

Ashe ba gori yake min ba, ajiya yake ba ni.

A wani saƙon yana tambayata sunan wani gini, ya ce mai tuta ta faɗa da Sinanci bai gane ba, ya san ni zan sani. A wani yana cewa in duba ko ya tsaya a daidai wurin da na nuna masa a kan gadar. A wani yana cewa ya ji ni shiru, ko lafiya, ko aiki ne ya yi yawa.

Ana saura kwana biyu su dawo ya ce, "Pisa dai ba mu samu zuwa ba, ruwa ya hana. Na ce ba komai, wannan na bar mana sai mun zo tare."

Na ajiye wayar a kan tebur.

Wato ranar da ya zauna a kan kwalin nan, daga amsata ya gane ban buɗe ko ɗaya ba. Shi ya koya min dokar, ya san abin da hakan yake nufi. A nan take ya san hotunansa sun tafi, tafiya ɗaya tilo da ya taɓa yi a rayuwarsa ba don kasuwa ba. Bai ce min ka yi ƙarya ba. Ya ce madalla.

Ya je gida iyalinsa suka tambaye shi hotuna, bai ce Nafi'u ya yi sakaci ba. Ya ce suna wurin Baffa. Wata uku yana rufa min asiri ban sani ba.

Bayan la'asar na ɗauki wayar na tafi wurin mai gyaran da muke kai wa a kusa da tashar jirgi. Na roƙe shi da duk Sinancin da na iya. Ya haɗa ta da kwamfuta, ya daddanna, ya kira wani abokin aikinsa suka duba tare. Sannan ya miƙo min ita da hannu biyu ya ce, "Meyo, lawban."

Babu. Kalmar da muke ji kullum in kaya sun ƙare a shago. Ban taɓa jin nauyinta ba sai yau.

Abin da ya rage min shi ne ƙananan dishi-dishin nan, kowanne bai fi kan babban yatsa ba. In ka matso da ido kana iya gane gini, kana iya gane ruwa, kana iya gane wani baƙin ɗigo a gaba, takalmina ke nan. Kusan duka haka suke. Ya je Italiya ya ƙare kwana goma yana ɗaukar takalmin wani.

Guda ɗaya ne na tabbata shi ne a ciki, na ƙarshe. Fari a tsaye, ruwa a bayansa, ba a ganin fuska. Ya tsaya can gefe ɗaya, rabin hoton babu kowa. Da a da ne da na ce ka gani, ko tsayuwar hoto bai iya ba.

A ƙarƙashinsa akwai saƙon murya na daƙiƙa goma. Yana dariya a ciki.

"Matar da ta ɗauke ni tana ta cewa in matso tsakiya. Na ce mata a'a, nan gefen akwai mai shi."

Wannan shi ne hoton da matarsa take son gani. Asma'u ta ce ya ba su labarinsa a gida, ya ce ranar ya sa sabuwar shaddarsa.

Ina rubutun nan ga takalman biyu a gabana a kan kanta. Na dama baƙi wuluk, na hagu ya koɗe. Ɗazu wani kwastoma ya ɗauki na hagun ya ce wannan ai ya tsufa, in jefar. Na karɓe na mayar wurinsa.

Alhaji, ban taya ka murna ba ko sau ɗaya. Kai da ka cire rigarka ka ba ni a cikin sanyi, na kasa ba ka minti biyu in buɗe hoto. Na yi maka ƙyashi, ƙyashi na gaske, kuma har yanzu da nake kuka akwai wani ɓangare na zuciyata da yake cewa ka ga gadar nan ni ban gani ba. Ga irin abokin da ka yi ta haƙuri da shi.

Ina da roƙo biyu a wurinku.

Na farko, 'yan'uwa na Guangzhou, na Canaan da Zhanxi, 'yan Kano da 'yan Nijar da 'yan Ghana, duk wanda ya kalli sitatus ɗinsa a kwanakin nan. Na san sitatus kwana ɗaya yake yi ya ɓace, amma wataƙila wani ya adana, wataƙila wani ya tura wa wani don a yi dariya. Don Allah ku duba wayoyinku, ku wuce hotunan kaya ku gangara wata huɗu baya. Ko guda ɗaya ne da fuskarsa ta fito, ko bidiyon wandon nan ne, ku turo min ko ku ba Isufu. Wanda kuma ya san lawban ɗin da ya haɗa shi da ayarin, ya taimaka ya haɗa ni da shi, ko cikin matan nan akwai wadda ta ɗauke shi da tata wayar. A wannan karon zan buɗe nan take.

Na biyu, ku yi masa addu'a.

Allah Ka jiƙan Alhaji Sabi'u. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya rufa min asiri ban roƙe shi ba, Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka nuna masa gidaje da ƙoramun da suka fi duk abin da ya gani a tafiyarsa, kuma Ka wanke min zuciyata yadda zan taya shi murnar samunsu. Ka ba matarsa da 'ya'yansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, ya tsaya ya karanta masa ƙulhuwallahu, ya ambaci sunansa. In da saura, ku sa ni a ciki.

Asma'u tana jira tun azahar. Ina sakin rubutun nan ita zan kira in gaya mata da bakina.